Ƙarar da Baffa Bai Ji Ba

Tun da na dawo daga Gude abokan aikina a makaranta suka hana ni sakat. Duk wanda muka haɗu a ɗakin malamai sai ya ce, "Malam Nura, wai da gaske mota ɗaya kuka shiga da surukinka? To me kuka tattauna?" Na yi ta ba da labarin da baki har na lura kullum yana ɗan sauya kama, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya in huta. Sai dai in faɗa tun yanzu, ban tafi da niyyar rubutu ba, kuma rabin hankalina a tafiyar yana ƙarƙashin mota ne. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru da safe da na yamma, ko na ɗora wa wani maganar da wani ya yi. Inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Matata Maijidda ta tafi gidansu haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta haifi mace, aka yi suna, ta zauna wanka. Da lokacin dawowarta ya matso sai wanta Sale ya kira ni a waya, ya ce Baffa zai shigo kasuwar Gwarzo sayen gishirin shanu, kuma ya ce in ina da sarari in biyo su in ga masu jego, sannan mu dawo tare ranar da za a kawo su. Ya ƙara da cewa Baffa ya ce babu wanda zai kai jikarsa gidan ubanta sai shi, a motarsa.

Baffa shi ne surukina, kuma ba zan rubuta sunansa a nan ba. Asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, amma har yanzu akwai garke a bayan gida. Ni kuwa ɗan kasuwa ne ya haife ni a cikin garin Gwarzo. A gidanmu mijin yayata yakan zauna a shagon babanmu su ci gyaɗa a faranti ɗaya suna gardamar farashin buhu. A gidan su Maijidda ba haka ba ne. Ba na cin abinci a gaban Baffa, ba na kallon fuskarsa, ba na fara yi masa magana in ba gaisuwa ba. Shi ma ba ya kiran sunana. In yana son ya ce min wani abu, ko da ina zaune a gefensa, sai ya juya ga ɗansa ya ce, "Sale, tambayi Malam ko ya gaji."

Akwai wani abu kuma da na lura da shi tun ina zuwa zance, amma ban taɓa jin wani ya ambata ba. Kowa a gidan ɗaga murya yake in zai yi wa Baffa magana. Da na ɗauka ɗabi'ar mutanen karkara ce, sai daga baya na gane kunnen dattijon ne ya yi nauyi. Kowa ya sani, kuma kowa ya yi kamar bai sani ba.

Motar farar akori-kura ce mai ƙofa huɗu, ta kwana biyu amma ana kula da ita. Muka haɗu a bakin kasuwa da hantsi, na durƙusa na gai da Baffa, muka yi ta ina gajiya, ina gida, ina damina, har gwiwata ta fara ciwo. Sale ya zauna gaba, ni na shiga bayansa, wato ɓangaren dama.

Ba mu gama fita daga gari ba na fara jin ta. Ƙara ce iri biyu, in ban yi kuskure ba. Ta farko ƙarama ce, kacau-kacau, tana zuwa duk inda kwalta ta yi ƙuraje. Ta biyu ba ta zuwa sai an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu, amma in ta zo, gum, kamar an buga taɓarya a ƙasa, kuma ina jin ta har a tafin ƙafata.

Ni ba makaniki ba ne, kimiyya nake koyarwa. Amma lokacin ina jami'a nakan yi hutu a garejin ƙanin babana, kuma abin da na riƙe daga wurinsa shi ne kafin a taɓa sifana sai an saurara: yaushe ƙarar take zuwa, daga wane ɓangare, kuma me direba yake yi a lokacin. Na kuma taɓa gani da idona, a hanyar Kano, wata mota da tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashinta. Tun daga ramin farko hoton nan ya dawo min, sai dai wannan karon da Maijidda da jaririya a ciki.

Na sunkuya na ce a kunnen Sale, "Yaya, kana jin abin da nake ji?"

Bai ko rage murya ba, ya ce, "Ta daɗe tana yi. Sifanu ne a ƙarƙashin kujera."

"An faɗa wa Baffa?"

Ya juyo ya dube ni kamar na ce mu saci akuya. "In ce masa me? In ce akwai ƙarar da kowa ke ji sai shi?"

Baffa na tuƙi hankali kwance, yana ɗan motsa leɓe da zikiri.

Masu tambaya ta ko an bincike mu a iyaka, to iyakar Gwarzo da Kabo ba ta wuce allo a gefen hanya ba, kuma ni ban ma gan shi ba, Sale ne ya ce mun wuce. Abin da ya fi kama da iyaka shi ne wani wuri da 'yan sintirin wani ƙauye suka gitta gungume. Baffa ya taka burki, motar ta yi gum ɗin nan da ƙarfi. Babbansu, wani dogo mai sanda, ya leƙo da fara'a, aka yi gaisuwa har aka tambayi lafiyar shanu. Sannan ya dubi tayar dama ya ce, "Alhaji, ai gaban motar nan..." Sai ya haɗa ido da Sale. Ya yi tari, ya ƙarasa da ƙarfi, "...ya sha wanki, ma sha Allah!" Ya janye gungumen muka wuce. A nan na gane abin ya wuce gida ɗaya, duk yankin aka haɗa baki.

A Kabo Baffa ya tsaya wurin mai faci ya sa aka ƙara wa tayar dama iska. Na ji yana gaya wa mutumin cewa motar tana ɗan ja gefe kwanan nan, kuma ya san iska ce. Da ya tafi gaisawa da wani abokinsa sai na yi sauri na kwashe sifanu da jak daga ƙarƙashin kujera, na naɗe su a buhu na kai baya. Na danna gaban motar da dukkan nauyina na saki. Ta yi sama ta tsaya ba ta yi ta lilo ba, wanda a ɗan sanina yana nufin shokazoba, mai shanye girgizar hanya, da sauranta. Na shafa tayar dama, na ji gefenta na ciki ya fi na waje cinyewa. Wannan bai yi min daɗi ba.

A Kabon ne kuma abin kunya na farko ya same ni. Ban karya kumallo ba saboda ɗoki, Sale kuwa ya sayo gasasshiyar masara mai zafi ya miƙa min. Na duba ko'ina, na zaga bayan wata katanga don in ci ba a gani ba. Ina shan kwana sai ga Baffa tsugune, ya ba hanya baya, yana cin tasa masarar. Ashe shi ma ni yake ɓuya wa. Ban san wanda ya fara juyawa ba. Na dai san na koma mota da masarata a aljihu, kuma har ta huce ban taɓa ta ba.

Daga Kabo ba mu miƙe Gude ba, domin Baffa zai sauke gishiri a Gammo ya kuma ɗauko wadda za ta raka masu jego. Muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya da ruwa ya zaizaye. Nan na tabbatar ba sifanu ba ne, don suna can baya a buhu, ƙarar kuwa tana nan a gaba, iri biyun duka. Na kuma ƙara lura da wani abu: in Baffa ya murɗa sitiyari sosai zai kauce wa kwari, sai gum ɗin ta zo ko babu rami. Raina ya ba ni boljoyin ne, wato gaɓar ƙarfe mai dunƙulen kai da ke riƙe da taya daga ƙasa tana ba ta damar juyawa. In ta sake, sai ta riƙa buga gidanta. In ta fita gaba ɗaya, taya ta tafi. Amma ban tabbata ba, kuma ko na tabbata, wa zan gaya wa?

Hadari ya taso muna shiga Gammo, aka tsuge da ruwa har magariba, sai aka ce kwana ya kama mu. Masaukinmu gidan Gwaggo Tabawa ne, 'yar kawun Baffa, wato taubashiyarsa, kuma ita ce za ta raka masu jegon. Tsohuwa ce ƙarama, baki ba haƙoran gaba amma ba ya hutawa. Tana ganinsa ta ce da ƙarfi, "Ga bawana ya zo! Ka kawo min goro ko sai na sa an ɗaure ka?" Baffa, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, "Ke da ko kaza ba ki da ita, wa za ki ɗaure?"

Aka ba ni ɗaki ni kaɗai a kusa da zaure, da sabuwar tabarma da gidan sauro mai ƙanshin hayaƙi. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, man shanu na yawo a kai, da ƙwaryar kindirmo. Aka ja min ƙofa. Ban taɓa cin tuwo mai daɗin wannan ba, ko kuma yunwa ce, ban sani ba. A gidanmu in ka rage abinci Innarmu sai ta ce ka raina girkinta, don haka na suɗe kwano tas na ajiye a bakin ƙofa ina jin na kyauta. Ashe a nan suruki ragewa yake yi, ko da yunwa za ta kashe shi.

Da safe ina alwala na ji Gwaggo tana shela a tsakar gida. "Ku zo ku ga kwano! Ba sai an wanke ba. Ashe mijin Maijidda da yunwa ya zo mana. Wai a makarantar taku ba a ba ku abinci ne, ɗan boko?"

Na rasa inda zan sa kaina. Amma ina cikin jin kunyar sai dabara ta faɗo min. Ga mutum ɗaya a duniya da take iya gaya wa Baffa komai. Na jira ya fita duba inda aka sauke gishiri, na durƙusa a gabanta na yi mata bayani dalla-dalla, har da cewa mai yiwuwa ni ne na cika tsoro.

Ta saurare ni har ƙarshe, ta daina dariya. Ta ce, "Jinjirar za a saka a ciki?"

Na ce ita.

"To bar ni da shi."

Ba mu yi nisa da Gammo ba motar ta faɗa wani rami ta buga. Gwaggo, da ke zaune kusa da ni, ta daki bayan kujerar Baffa ta kwarma, "Kai kurman Gude! Motarka tana ta ihu kamar an taka kare, kowa na ji sai kai! Ƙafarta ta dama za ta cire!"

Na rufe ido ina jiran abin da zai biyo baya. Sai na ji Baffa na dariya.

"Tabawa ke nan. Tun muna yara komai nawa a wurinki lalatacce ne. Kin ce shanuna ramammu, kin ce gonata fako ce, kin ce matata ta fi ƙarfina. Yau kuma mota. In ba ki so, sauka ki hau jaki."

"Wallahi da gaske nake!"

"Ai kullum da gaske kike."

Ta juyo ta dube ni ta buɗe hannuwa. Sai a lokacin na ga kuskurena. Abin da ya ba ta damar faɗar komai shi ne ya sa ba a ɗaukar komai nata da gaske. Kuma yanzu na ƙara ɓata lamarin, domin duk wanda ya sake tada maganar zai zama ya goyi bayan Tabawa ne a wasan taubasai.

Muka isa Gude kafin azahar. Gidan yana wajen gari, kewaye da dawa da ta fi mutum tsawo. Ba zan tsawaita kan ganin 'yata ba, don ban san yadda ake rubuta shi ba. Ta yi ƙiba, ta yi haske, kuma ta kama babban yatsana ta ƙi saki. Maijidda ta yi kyau da wanka da kunun kanwa. A gefen ɗakin an jera kayan da za a kai mu da su: tulunan man shanu, buhun gero, ƙwarya-ƙwaryar dakakken yaji. Duk wannan nauyin, da mata, da jaririya, a kan gaɓar da nake zargi.

Na gaya wa Maijidda zancen ƙarar. Ta ce, "Kai dai da tsoro." Amma ta ƙara rungume yarinyar.

Na ce, "Ko in samo wata motar daga Gwarzo?"

Ta zaro ido. "Ka rufa min asiri. Tun ranar suna yake maganar tafiyar nan. Ya sa an ɗinka wa kujerun baya sabuwar riga saboda jikarsa. Ka kawo motar haya ƙofar gidansa? Ai gara ka zage shi."

"To ke ki faɗa masa."

"Inna ta taɓa ce masa ya je a duba kunnensa. Sai da ya daina cin tuwonta har aka sa baki."

Na fito na zauna a gindin wata bishiyar ɗorawa ina kallon motar, ta yi butu-butu da jar laka har gilashi. Gobe za a tafi. Na yi ta juya abin. Ba ni da izinin magana, wannan a fili yake. Amma a al'adarsu akwai abin da suruki yake da cikakken izininsa, har ma ana yaba masa in ya yi, shi ne aiki. In ya ga shinge ya faɗi ya gyara, in ya ga ana huɗa ya karɓi garma. Ba wanda zai hana ni wanke motar Baffa.

Bayan la'asar na nemi bokiti da tsumma. Na wanke jikinta sosai, don kada a ce da wata manufa na zo. Sannan na ce wa Sale laka ta cushe bayan taya, ya kawo jak. Na sa duwatsu a tayoyin baya. Da farko na kafa jak ɗin a jikin shasi, na ɗaga, na kama taya sama da ƙasa na girgiza. Ko motsi. Na ce shi ke nan, na tada hankalin mutane a banza. Sai na tuna ƙanin babana yana cewa a irin wannan motar, in ba a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da tayar ka kafa jak ba, nauyi na nan a kan gaɓar, ba za ta nuna ba. Na sauke na sake kafawa a can, kusa da taya. Na kama hagu da dama na girgiza, shiru. Na kama sama da ƙasa. Ƙwal, ƙwal. Tayar ta yi rawa a hannuna.

Sale ya ce, "Innalillahi."

Muna haka sai ga Baffa ya dawo daga garke da sandarsa. Ya tsaya a kanmu.

"Sale, me Malam yake yi a ƙarƙashin mota?"

"Laka yake cirewa, Baffa!"

"Shi kaɗai? Kai kana tsaye?"

Ya jingine sanda, ya tattare riga ya tsuguna, ya dafa tayar da hannu biyu wai ya riƙe min kada ta juya. Ban shirya wannan ba, kada wani ya ce wayona ne. Na dai ga hannunsa a kan taya, na yi bisimilla a zuci, na kama sama da ƙasa na girgiza da ƙarfi.

Ya ɗauke hannu ya sake mayarwa.

"Sale, ce wa Malam ya ƙara."

Na ƙara. Sai ya zura hannunsa ta bayan tayar, yana bin ƙarfe a hankali da yatsu, ido a rufe, daidai yadda na taɓa ganin yana bin ƙafar saniya mai ɗingishi. Ya wuce nan, ya wuce can, ya tsaya a ƙasa, a kan gaɓar. Ina girgizawa tana buga masa a tafin hannu.

Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Gaɓa ta sake."

Ya daɗe a tsugune. Sannan, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce, "Tana ƙara in ana tafiya?"

Bai ce Sale ba. Sale kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da dutse. Na jira, na ga ba mai amsawa, na ce cikin ladabi, "Eh to, Baffa, ina jin kamar tana ɗan yi, ko da yake mai yiwuwa..."

"Na'am?"

Na gane duk wannan kwane-kwanen bai kai kunnensa ba. Na cika ƙirjina da iska, na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata. Na daka wa surukina tsawa.

"TANA YI, BAFFA! SOSAI!"

Kaji suka watse. Daga cikin gida na ji Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya ga ɗansa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, Baffa."

Ya dube shi, kallon da na gode Allah ba ni aka yi wa ba. Bai yi faɗa ba. Ya miƙe, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Hau babur ka ɗauko Isiyaku. Motar nan ba ta motsawa daga nan."

Isiyaku makaniki ne a Kabo, mai ƙiba da son raha, kuma shi ke duba motar tun da aka saye ta, sai dai Baffa ba ya kai ta sai don juyen mai. Na yi masa bayani a waya, Sale ya ɗauko shi washegari da sassafe da kayan da yake zaton za a buƙata. Ya yi duk abin da na yi, ya ƙara da zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya yana ɗagawa, ni kuma ya sa ni in leƙa in ga inda ke motsi. Boljoyin ɗin ƙasa ne na dama. Robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Ya duba na hagu ya ce da sauransa. Ƙaramar ƙarar kuwa, kacau-kacau ɗin, wani siririn ƙarfe ne da ke hana mota tangaɗi a kwana, robobinsa suka cinye yana ta kaɗawa. Ya ce wannan surutu ne kawai, ba ya kisa, amma ya sauya su tunda ya zo da su.

Na tambaye shi ko da ta kai mu Gwarzo a haka.

Ya ɗaga tsohon boljoyin ɗin yana kaɗa kansa da yatsa ɗaya, yana lilo kamar haƙorin tsoho. Ya ce, "Malam, Allah kaɗai ya sani. Wata takan yi shekara a haka, wata ramin gaba ne ƙarshenta. Ni dai ba zan sa 'yata a ciki ba."

Gwaggo ta fito da fura ta ce, "Ni na fara faɗa, a rubuta! Aka ce wasa nake."

Baffa ya ce, "Sau ɗaya a shekara sittin kin yi gaskiya, za ki ishe mu."

Isiyaku ya ɗaure komai, ya ce in an shiga gari a kai ta a daidaita tayoyin gaba a kan na'ura, kuma a fara tunanin sauya tayar da ta cinye. Aka ɗora kaya, aka yi sallama da kuka da addu'o'i. Na buɗe ƙofar baya zan shiga inda na saba, sai Baffa ya ce, "Sale, kai hau baya wurin kaya. Malam ya zauna gaba."

Haka na zauna a gefensa, gwiwoyina a haɗe, ina kallon hanya. Maijidda da jaririya da Gwaggo da wata ƙanwar mahaifiyar Maijidda suna kujerar baya. Da muka zo wani kwari mai zurfi kafin a hau kwalta, Baffa ya rage gudu, ya shiga da tayar dama da gangan, ya fita. Ya taka burki. Ya murɗa sitiyari hagu, ya murɗa dama. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido.

"Malam, akwai abin da kake ji?"

Na saurara da gaske, don ba na so in ba shi amsar ladabi. Babu komai sai injin da kwanukan da ke baya. Na girgiza kai sosai yadda zai gani.

Ya ce, "Madalla. In ka ji, ka faɗa. Da ƙarfi."

Yarinyar ta yi barci tun daga nan, ba ta farka ba sai a ƙofar gidanmu a Gwarzo, lokacin da Innarmu ta karɓe ta.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Yaya Sale yana wurin daga farko har ƙarshe, in ya ga na ƙara ko na rage, ya aiko min in gyara. Isiyaku ma, in na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, ya yi min afuwa ya faɗa min daidai. Dogon nan mai sanda, in labarin ya kai gare shi, ina so in san ko na faɗi maganarsa yadda ya yi ta. Gwaggo Tabawa na san za ta ce ba tuwo kaɗai na cinye ba har da kindirmon, kuma na yarda tun kafin ta faɗa. Abu ɗaya nake roƙo: duk wanda zai karanta wannan a Gude, ya karanta a zuci.